Ƙawar da Aka Gayyato Bikin Matasa

Ban nemi ajin matasa ba. Wanda yake riƙe da shi ya sami aiki a Ngawundere ya tattara ya tafi, ranar Lahadin da ta biyo baya kuma Baba Fasto ya ɗaga kai bayan sanarwa ya ce tunda ni malamar firamare ce, ai na saba da hayaniya. Kafin in buɗe baki jama'a sun ce amin.

Majami'armu tana bayan kasuwar Rumde Ajiya, a Garwa. Da sassafe masu Faransanci ke sujada, masu Fulatanci su biyo baya, mu masu Hausa sai rana ta take muke samun ɗakin, lokacin da kwanon rufi ya ƙoshi da zafi, benci yana ƙona cinya. Ba mu da yawa. Kakanninmu daga wajen Mubi da Yola suka ƙetaro, teloli da makanikai da masu sayar da kayan babur, suka sauka cikin Hausawa 'yan kasuwa don a nan ne za su yi magana a gane su. Saboda haka maƙwabtanmu kusan duka Musulmi ne. A famfo ɗaya muke layi, a asibiti ɗaya muke haihuwa, in an yi rasuwa a gidansu matanmu na cikin masu tuƙa tuwo. Kowa ya san addinin kowa, kowa kuma ya san inda zai tsaya. Ba a aji aka koya mana wannan ba, a ciki muka tashi.

Ajin yakan zauna ran Asabar da yamma a gindin bishiyar maina da ke harabar majami'a. Akwai ƙanana da suka shiga lise, wato sakandare, kwanan nan, akwai manya masu shirin jarrabawar fita. A makaranta Faransanci suke yi, in suna tsokanar juna Fulatanci, Hausa kuwa sai in uwa na faɗa ko ana addu'a. Sai in yi tambaya da Hausa a ba ni amsa da harshe uku a numfashi ɗaya. Wannan bai dame ni ba. Abin da nake so su koya ba shi da yawa: su iya karanta Maganar Allah da kansu, su iya addu'a ba tare da kwaikwayon muryar masu wa'azin rediyo ba, su kuma daina yi wa iyayensu ƙarya kan inda suka tsaya bayan an tashi makaranta. Na ƙarshen nan ya fi ba ni wuya. A hankali muke tafiya, sura ɗaya sai ta ci mana makonni, don ina barin su su yi gardama.

Wadda ta fi kowa gardama ita ce autar wani tela mai shago a layin masu atamfa. Siririya ce, shekarunta sha shida a lokacin, ita ke ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Tana cikin yaran nan da in ka faɗa musu abu sai su ɗauke shi da gaske har kai mai faɗin ka tsorata. Na taɓa cewa a aji mai bin Almasihu ba ya riƙe mutum a zuci. Washegari ta tafi gidan wata yarinya da suka daɗe ba sa ga maciji, ta durƙusa a tsakar gida a gaban kowa.

Auta tana da ƙawa guda, 'yar Hajja mai atamfa, wadda shagonta yake manne da na tela. Tare suka yi rarrafe a ƙarƙashin keken ɗinki. Hajja ce ma ta raka maman auta asibiti ranar da za ta haife ta, don tela yana kan hanya daga Marwa. Auta tana ce mata Dada, yadda 'ya'yan cikinta ke ce mata. In azumi ya kama, auta ba ta cin komai a gaban ƙawarta. In muna gwajin waƙoƙin Kirsimeti, ƙawar takan zauna a bakin ƙofar harabar da littafinta tana jira a tashi su tafi gida tare. Ba ta taɓa shigowa ba, ba wanda kuma ya taɓa ce mata ta shigo.

A shekarata ta biyu da ajin, hedkwatar ikilisiya ta aiko mana da sabon shiri na almajiranci da aike don matasa. Tare da shirin aka aiko wani saurayi ɗan kudu ya kula da shi. Yara suka sa masa Kordo, wato sun gutsure sunan muƙaminsa na Faransanci.

Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. A ɗakin ajiyar kujeru yake kwana, abin da aka kawo shi yake ci, zafin Garwa ya feso masa da ƙuraje har wuya amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Yana kaɗa jita, yana buga ƙwallo, kafin ka ce me ya haddace sunan kowane yaro. Waɗanda nake bi gida-gida ina lallashi su zo aji, sai ga su tun ba a share gindin maina ba. Sai dai ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, bai taɓa zama katanga ɗaya da Musulmi ba. Kuma ba ya tambaya. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mutum ya sauka gari bai tambayi wace hanya ake bi a je rijiya ba, ya fara nuna wa mutane inda za su haƙa sabuwa.

Shirin nasa hawa-hawa ne. Da fari yara su koyi ba da shaidar bangaskiyarsu, sa'an nan kowa ya kawo aboki, a dogon hutu kuma a fita ƙauyukan wajen Poli. In zai yi wa iyaye bayani ni ce tafinta. Sai ya ce unguwar nan gona ce da ta nuna, yaranku ne magirba. Ni kuma in juya in ce, "Ya ce yaranmu su zama abin koyi a unguwa." Matasan da ke jin harsunan biyu sai su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Wata Asabar ya ajiye jita ya ce kowa ya rufe ido.

"Kowa a cikinku yana da aboki guda da bai san Ubangiji ba," in ji shi. "Ka ga fuskarsa yanzu? In ka yi shiru har ya ɓata, kai za a tambaya."

Ni ban rufe nawa idon ba. Yawancin yaran suna leƙen juna ta ƙasan gira, wani yana taɓa wayarsa a aljihu. Auta kuwa ta matse ido gam, hawaye na bin kumatunta. Na san fuskar da take gani.

Ban jira ba, da aka tashi na wuce gidan Baba Fasto. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya tuɓe riga yana fifita da murfin kwali. Dattijo ne da ya yi wa iyayenmu baftisma, ya kuma binne da yawa a cikinsu.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yaron nan yana ɗora wa yara kayan da wuyansu ba zai ɗauka ba."

"Wane kaya, Malama? Ba aikin da Ubangiji ya bar mana ba ne?"

"Shi ne, Baba. Amma ku da kanku kun yi shekaru a unguwar nan, ban taɓa ganin kun aiki yaro ya jawo ɗan maƙwabci a ɓoye ba. In mutum ya zo da tambaya kuna amsa masa a fili. Wannan kuwa yana son ya ga adadi kafin ya koma."

Ya ci gaba da fifita. Can ya ce, "Daga sama aka aiko shi. In na hana, za a ce tsofaffin arewa ne ke danne bishara. Ki yi haƙuri, baƙo raɓa ne."

Na ce raɓar ma tana ruɓar da hatsi in an bar shi a waje. Ya yi dariya ya ce bakina ya fi na uwata kaifi, ya sa aka kawo mini ruwa. Da haka maganar ta mutu.

Hawa na biyu na shirin shi ne bikin matasa, abin da yara ke kira fet. Kordo ya ce kowa ya gayyato abokinsa, za a yi ƙwallo da kiɗa da wasan kwaikwayo, a sha zoɓo a ci makala, wato fanke. Na tambaye shi ko za a yi wa'azi. Ya ce 'yar gajeruwar kalma ce kawai. Na ce to a faɗa wa waɗanda za a gayyato, su zo da saninsu da sanin iyayensu.

"Mama," haka yake ce mini, "in ka nuna wa kifi ƙugiya ba zai ci ba."

Na ce masa 'ya'yan mutane ba kifi ba ne. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya yafe maka rashin ganewarka. Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi.

Na ja auta gefe na ce in za ta gayyaci ƙawarta ta gaya wa Hajja komai tukuna. Ta ce to. Daga baya na ji abin da ta gaya wa Hajja shi ne akwai wasa a harabar majami'a, ni ma ina wurin. Jin sunana ne ya sa Hajja ta yarda. Auta ba ta yi ƙarya ba, ta dai bar rabin maganar a ciki, yadda aka koya mata.

Ranar bikin harabar ta cika. Lokacin zafi ne sosai, gab da jarrabawa, yara suna neman abin da zai ɗauke musu hankali daga karatu. 'Yar Hajja ta zo da farin mayafi, ta zauna kusa da auta, tana dariyar wasan kwaikwayo har tana riƙe ciki. Ni ina bayan rumfa da mata muna zuba zoɓo a leda. Da rana ta yi sanyi sai na ji jita ta sauya, ta koma a hankali. Kordo ya yi kalmarsa, ba ta kuma yi gajarta ba. Da ya gama ya ce kowa ya sunkuyar da kai.

"Wa yake son Allah ya ba shi sa'a a jarrabawa? Ya ɗaga hannu."

To, wane ɗan lise ne ba ya so? Hannaye suka tashi ko'ina, har da na 'yar Hajja. Sai ya ce waɗanda suka ɗaga hannu su fito gaba a yi musu addu'a. Na ajiye ludayi na nufi wajen, amma mutane sun cushe hanya. Na hango yarinyar tana waige-waige, auta na riƙe da hannunta, na baya suna turowa. Yarinya ce mai kunya, ba za ta iya fizge hannu a gaban jama'a ba. Ta fita tare da sauran. Yana cikin addu'ar jarrabawa sai ya zarce, ya ce su maimaita abin da zai faɗa. Ina kallon bakinta, bai motsa ba. Wani daga cikin samarin da Kordo ya ba wayarsa yana ta ɗaukar hoto.

Da na isa gare ta an riga an ce amin. Na ce, "'Yata, zo in raka ki gida." Ta ce, "Ba komai, Malama," tana gyara mayafi.

Na sami Kordo yana naɗe wayar lasifika, fuskarsa kamar an ba shi sarauta. Na ce hotunan nan kada su fita. Ya ce ai na ofis ne kawai, don masu yi mana addu'a su ga abin da Allah ke yi a arewa.

Ofis ɗin ya ɗora su a shafinsa na intanet. A cikin duk hotunan, wanda suka sa a gaba shi ne na yarinya mai farin mayafi, kanta a sunkuye, hannun Kordo a saman kanta. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ga nunan fari na girbin Garwa.

Mijin Hajja ya daɗe da rasuwa, ƙanensa ne ke tsaye a kan yaran. Ɗan kasuwa ne a Kuseri, yana ƙetara gada da kaya zuwa Injamena. Can hoton ya same shi, wani abokin cinikinsa ya nuna masa a waya ya ce wannan ba 'yar wanka ba ce? Kafin labari ya iso kunnena ya gama zaga layin masu atamfa. Tela ya buɗe shago da safe ya gai da maƙwabta, aka amsa masa a taƙaice, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.

Maman auta ta zo gidana ido ya kumbura. Ta ce, "Malama, ki raka ni wurin Hajja. Ni kaɗai ƙafata ba za ta kai ni ba."

Muka tafi da hantsi. Na shirya wa zagi, har na fi son a zage ni. Hajja ta shimfiɗa mana tabarma, ta sa aka kawo ruwa, ta tambayi gida da yara da makaranta ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake komai ba. Maman auta ta fara ba da haƙuri, kuka ya ci ƙarfinta. Hajja ta bar ta ta gama.

Sa'an nan ta dube ni. "Malama, da aka ce kina wurin ban ƙara tambaya ba."

Na ce, "Na sani, Hajja."

"Yarinyar nan tun tana goye take jin waƙoƙinku ta katanga. Wasu ma ta iya su. Ban taɓa toshe mata kunne ba, don na san ku. Da kun zo kun ce, Hajja, za mu yi wasa kuma za a yi wa'azi, da ni zan duba in ce ta je ko kada ta je. Wataƙila ma in ce ta je ta ci makala ta dawo. Amma a ce mata sa'ar jarrabawa, a dafa mata kai, a ɗauke ta hoto a watsa wa duniya? Ko akuya za ka ɗauka hoto a gidan mutum ai ka yi sallama."

Duk abin da ta faɗa na riga na faɗe shi a zauren Baba Fasto da gaban Kordo, ga shi yanzu ana faɗa mini, ni ce kuma zan sunkuyar da kai in karɓa a madadinsu. Na ce yarinyar ba ta furta komai ba, ni shaida ce. Hajja ta ce ta sani, 'yarta ta gaya mata, ta kuma yarda da ita.

"Amma baffanta ba a wurina ya ji ba, a kasuwa ya ji. Ya ce da ta gama jarrabawa a sa ta a mota. A Kuseri za ta ƙarasa karatu, a gabansa."

Maman auta ta ce, "Yaya, ki roƙe shi mana."

"Da wane baki? Ni ce na ce ta je."

Daga gidan Hajja ban koma gida ba, majami'a na nufa. Na sami Kordo a gindin maina yana gyara tsirkiyar jita. Na gaya masa duk abin da ya faru, na ce ya kira ofis yanzu a cire hoton. Ya saurare ni da kyau, idonsa ya ciko. Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya ce, "Mama, tsanani ya fara ke nan. Dole mu tsaya da 'yar'uwarmu sabuwar tuba."

Na ce, "Wace tuba? Wa ya tuba? Yarinya ta ɗaga hannu don tana tsoron lissafi!"

Ya ce ba mu san abin da Ruhu ya yi a zuciyarta ba. Na ce shi ma bai sani ba, amma ya rubuta. Ya ce ba shi ya rubuta ba, ofis ne. Ofis kuma da aka kira, aka ce mai kula da shafin ya yi tafiya. Hoton ya ƙara kwanaki a wurin, har da masu rubuta amin a ƙarƙashinsa daga ƙasashen da ba su san inda Garwa take ba.

Dattawan ikilisiya suka kira zama. Aka ce in jira a waje sai an neme ni. Ina zaune a kan dakali ina jin muryoyinsu ta taga, rabin zaman ya tafi a kan wa ya ba da izinin a ɗauki kujerun majami'a a fitar waje ranar biki. Da aka kira ni na faɗi abin da na gani. Wani dattijo makanike ya ce ai ni ce uwar ajin, me ya sa ban hana ba? Na dubi Baba Fasto. Yana duban tabarma. Aka rufe da cewa a dage da addu'a, a kuma ci gaba da shiri tunda an riga an sanar da hedkwata ranar tafiya Poli.

Abu ɗaya Baba Fasto ya yi, ba zan ɓoye masa ba. Ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin mai unguwa da limamin layin, shi kaɗai da sandarsa, ya ce laifin gidansa ne. Sun san shi tun suna samari. Maganar ba ta zama rigima ba, ba a taɓa kowa ba, ba a taɓa majami'a ba. Maza suka sha shayi suka rufe zance a tsakaninsu. Sai dai ba wanda ya ce a fasa kai yarinya Kuseri.

Auta ta daina zuwa aji. Da na je gidansu na same ta tana taya babanta sa maɓalli. Ta gaya mini ta je tasha ranar da ƙawarta za ta tafi, ta tsaya daga nesa don baffan ya aiko ɗansa ya tafi da yarinyar. Ƙawar ce ta hango ta ta taho.

"Me ta ce miki?"

"Ta ce, lokacin da aka ce a sunkuyar da kai, ke kin san abin da zai biyo baya?"

"Kika ce me?"

"Na ce na sani." Ta ci gaba da soka allura. "Malama, shi ya ce in na yi shiru ni za a tambaya. Ke kin ce in gaya wa Dada komai. In na gaya mata ba za ta bar ta ta zo ba. To wanne zan bi? Ku duka a majami'a ɗaya kuke koya mana."

Na fara yi mata bayani, na ji bayanin ya yi mini tsawo a baki. Yarinya ce da ta yi daidai abin da babba ya sa ta, da zuciya ɗaya, aka bar ta da asara ita kaɗai. Na ce ta zo mu tafi Poli ko hankalinta ya ɗan sauya. Ta ce ita ta gama kawo mutane.

Muka tafi Poli ba da ita ba, da damina ta sauka. Ni ma ba don Kordo na je ba, don iyaye sun ce in ba ni ba za su saki 'ya'yansu mata ba. Bayan an bar kwalta motar ta kafe a laka, yara suka sauka suna turawa suna waƙa, duwatsu sun yi shuɗi a gabanmu. A ƙauyen da muka sauka akwai ƙaramar majami'a ta jinka. Takardun wa'azin da Kordo ya ɗauko na Faransanci ne, tsofaffin wurin kuwa yarensu suke yi da ɗan Fulatanci. Da takardun suka ƙi amfani, yaran suka rasa abin yi, sai suka bi mutane gona. Suka taya wata gwauruwa noman gyaɗa, suka gyara jinkar majami'a, suka koya wa ƙananan yara waƙa. Da yamma mutane sukan zo su zauna su yi ta tambayarsu labarin birni da na addini, su kuma suna amsawa gwargwadon saninsu. Na zauna a gefe ina kallo, ina jin daɗi ina jin haushi a lokaci guda, don wadda ta fi su duka iya irin wannan zama tana can Garwa tana sa maɓalli.

Kafin mu dawo zazzaɓi ya kayar da Kordo. Ni na yi jinyarsa, ina dama masa kunu ina matsa masa ya sha magani. Da ya ɗan farfaɗo, yana kwance a kan tabarma a inuwa, ya ce, "Mama, har yanzu kina fushi da ni."

Na ce ƙwarai.

Sai ya ce, "Na san abin ya yi zafi. Amma ko ba komai iri ya faɗi a ƙasa."

Kofin kunu na hannuna. Na ajiye shi a hankali kusa da kansa na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da bai kamata a faɗa wa marar lafiya ba.

Da hutu ya ƙare hedkwata ta yaba da aikin Garwa, aka ɗauke Kordo aka kai shi wani gari ya fara shirin a can. Ya yi sallama da kowa yana kuka, ya bar wa yara jitarsa. Ajin ya dawo hannuna, ya ragu. Waɗanda suka zo don kiɗa suka bi kiɗa, wasu iyayen kuma masu shago a kasuwa suka ce 'ya'yansu su tsaya a sujadar Lahadi kawai, ba sa son abin da zai sake haɗa su da maƙwabta. Ban ga laifinsu ba. Auta ta bar ƙungiyar mawaƙa. Ta koma sujadar Faransanci ta safe, inda ba a san ta sosai ba, tana zama a baya ta fita kafin a gama sanarwa. Yanzu tana koyon aikin jinya. In mun haɗu tana gaishe ni da ladabi, amma ba ta ƙara yi mini gardama a kan komai ba.

Tela bai tashi daga shagonsa ba, Hajja ma tana nan. Suna gaisawa. Masu sayen atamfa da a da takan nuna musu ƙofarsa, yanzu sai su tambaya ta ce teloli ai suna da yawa a layin.

Kwanakin baya na shiga shagonta neman zanen da za mu yi anko na bikin wata malamar makarantarmu. Ta sauko mini da kala-kala, ta ba ni shawara a kan wanda ba ya zuba. Da na zaɓa tana naɗewa, na yi ƙarfin hali na tambayi 'yarta.

"Tana lafiya," in ji ta. "Ta ci jarrabawar fita. Tana son ta karanta harhaɗa magunguna."

Na ce kai, madalla, Allah ya sa albarka, bari in gaya wa ƙawarta, za ta ji daɗi ƙwarai.

Hajja ta zura zanen a leda ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, "Ba sai kin wahalar da kanki ba, Malama."